Me ke kayar da jiragen shata wajen sauka?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar jiragen sama a cikinmu. Ƙananan jiragen nan na alfarma da gwamnoni da attajirai ke shata, me ya sa in ka ji sun yi hatsari galibi wajen sauka ne? A Ibadan kaɗai an yi biyu cikin wata uku. Na Nuwamban 2023, wanda ya ɗauko ministan lantarki Adebayo Adelabu daga Abuja, ya dira tun bai kai kan titi ba. Na Janairun 2024 shi kuma ya zarce titin ya faɗa ciyawa. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Ni da na ɗauka jirgin masu kuɗi ya fi namu na gama-gari aminci.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Amsar ba ta da tsawo, gwanjo ne. Jirgin da Bature ya gama cin moriyarsa, a shafa masa fenti, a sa kujerun fata, a turo mana. In bai faɗi ba ai shi ne abin mamaki.

Injiniya Malali: A nan kam ban bi ka ba, Ɗan Tudun Wada. Ba shekarar ƙira ake dubawa a jirgi ba, littafinsa ake dubawa. Manyan kayan jikinsa kowanne yana da adadin awoyin tashi ko adadin sauka, in ya cika dole a cire shi ko da yana sheƙi. Tsohon jirgi mai cikakken littafi ya fi sabon da ake tsallake wa gyara. Inda zan ba ka gaskiya shi ne maganar dala. Kayan gyara da dala ake sayo su, akwai mai jirgin da za ka ce masa tayar nan ta kai, ya ce a lallaɓa ta je Legas ta dawo tukuna. Taya, birki, da na'urar da ke hana taya ƙullewa ta riƙa ja a kan jiƙaƙƙen titi, su ne namu da ke taɓa sauka. Amma ka zauna ka karanta rahotannin bincike, za ka tarar yawancin jiragen lafiyarsu ƙalau suka iso bakin titi.

Ummi ta Zariya: Yaya Abban Sadiq, abin bai tsaya kan jiragen shata ba. Alƙaluman da kamfanin Boeing ke fitarwa kan manyan jirage sun nuna kusan rabin hatsarin da ake rasa rai a gangarowar ƙarshe da sauka ake yin sa, alhali wannan ɓangaren kusan kashi 4 cikin 100 ne na lokacin tafiya. Tun ajin farko ake karantar da mu wannan. Amma ga Baba Kyaftin can na ga yana karantawa ya yi shiru.

Baba Kyaftin: Ummi 'yata, ai ku ke da karatu ɗanye a ka. To bari in sa baki.

Sauka tun daga sama take zuwa a lalace. Ƙa'idar da ake koya wa kowane matuƙi ita ce, in ka gangaro ƙafa 1,000 daga ƙasa cikin gajimare ko hazo, ko ƙafa 500 in gari garau yake, dole komai ya zama ya zauna. Tayoyi sun fito, gudu yana inda lissafi ya ce, hancin jirgi na kan layin titi, ba ka zubowa fiye da ƙafa 1,000 a minti. In ɗaya ya saɓa, ka ba inji wuta ka koma sama, ka zagayo ka sake shiri. Abin da za ka yi asara 'yan mintoci ne da ɗan mai.

Amma ba a yi. Gidauniyar Flight Safety Foundation ta fitar da bincike a 2017, ta gano cikin saukar da ke tahowa a karkace, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai ake fasawa. Sauran a haka ake danna su. Kuma galibi a kan tsira, shi ya sa gobe ma a sake.

Abban Sadiq: Baba, in titin yana da tsawo fa? Na ji an ce na filin jirginmu na Kaduna mita 3,000 ne. Ƙaramin jirgi ai ko rabi ba zai ci ba.

Baba Kyaftin: Ɗauko biro ka bi ni. Irin jiragen nan suna isa bakin titi da gudun kilomita 220 zuwa 240 a awa. Duk daƙiƙa ɗaya sun cinye mita 60 da ɗoriya. Ana so ka ƙetare bakin titi kana ƙafa 50 daga ƙasa. In ka ƙetare a ƙafa 100, kusan mita 300 sun tafi tayarka ba ta taɓa kwalta ba. In gudunka ya ɗara da kashi 10, tazarar tsayawa ta ƙaru da kusan kashi 20. Iska in daga bayanka take tura ka, ko da ta kilomita 18 a awa ce, ta sake ƙara maka kusan wani kashi 20, kuma a yawancin jirage iyakar da aka yarda ke nan. Sai ruwan sama. Sai zafin Maris da Afrilu, ga Kaduna tana sama da mita 600 daga teku, iska ta yi sakayau, jirgi na gudu a ƙasa fiye da abin da agogonsa ke nuna maka.

Akwai kuma wata cuta da ta fi kama matuƙan masu kuɗi, son sauka mai laushi. Oga na baya da kofin shayi, ba a so ya ji ko ɗan girgiza. Sai matuƙi ya riƙe jirgin yana shawagi dab da kwalta, yana neman ya ajiye shi a hankali. Daƙiƙa biyar ya yi a haka, wasu mita 300 sun tafi. A kan jiƙaƙƙen titi ma dira da ɗan ƙarfi ake so, don taya ta huda ruwan ta kama kwalta. Kuma wasu ƙananan jiragen, irin su Phenom, ba su da ribas na inji, birki kaɗai suka dogara da shi.

Haɗa waɗannan wuri ɗaya ka gani ko mita 3,000 za ta ishe ka. Ballantana jirgin shata ba Kaduna da Abuja kaɗai yake zuwa ba. Aikinsa ke nan ya je inda manyan jirage ba sa zuwa, gajeren titi, filin da matuƙin bai taɓa gani ba.

Bala Rigasa: Wallahi Baba ka tuna min da na 1995. Muna samari lokacin, jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Jos ya zarce titi a nan Kaduna ya kama da wuta.

Baba Kyaftin: 13 ga Nuwamba, 1995, Boeing 737. Mutum 11 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Babban jirgi ne, amma darasin ɗaya ne. Sai da ya cinye fiye da rabin titin nan da Abban Sadiq ke yabo sannan tayarsa ta taɓa ƙasa. Irin haka ta faru da jirgin alfarma Gulfstream a Bukavu ta Kwango a Fabrairun 2012, ya dira can cikin titi ya zarce, har mashawarcin shugaba Kabila, Katumba Mwanke, ya mutu a ciki.

Bala Rigasa: To na Janar Ibrahim Attahiru, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, da ya faɗi nan Kaduna fa? Da na Ibrahim Abacha da ya faɗi dab da Kano a Janairun 1996? Ni fa duk jirgin da ya faɗi da babban mutum ban taɓa yarda tsautsayi ne kawai ba. Akwai lauje cikin naɗi.

Shugaban Zaure: Malam Bala, don Allah a tsaya kan abin da aka tabbatar. Ba ma zargi babu hujja a zauren nan, kuma akwai masu dangi a cikin mamatan.

Malam Na Kawo: Allah ya jiƙan Janar da waɗanda suka rasu tare da shi. Ajali in ya zo babu makawa. Sai dai imani da ƙaddara bai hana a bincika sababi ba. Wanda aka ba amanar rayuka ya yi sakaci, za a tambaye shi.

Baba Kyaftin: Amin, Malam. Na Janar, ranar 21 ga Mayu, 2021 ne, mutum 11. Jirgin King Air ne na sojan sama, mai farfela. Duk wanda ke Mando ko Afaka da yammacin nan ya san irin hadarin da ya haɗo. Zan yi magana kan hadari gaba ɗaya, don shi ne babban abokin gabarmu a farkon damina.

Gajimaren tsawa yana zubo iska ƙasa da ƙarfi, in ta daki ƙasa sai ta watsu ko'ina. Kana gangarowa za ka fara cin karo da ita ta gaba, gudu ya ƙaru, jirgi ya ɗaga. Kai kuma ka rage wuta don ka daidaita. Kafin ka ankara ta danno ka daga sama, sannan ta koma bayanka, gudu ya zube, ga inji ka rage masa wuta, ga ƙasa ta matso. Injin jet kuwa sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya amsa. Na Sosoliso a Fatakwal, 10 ga Disamba, 2005, binciken ya nuna sun wuce tsayin da ya kamata su yanke shawara ba su ga titi ba, da suka zo fasawa lokaci ya ƙure, ga iskar hadari. Mutum 108, da yawansu yara 'yan makaranta.

Hazon hunturu shi kuma yaudara gare shi. Daga sama kana kallon ƙasa tar a ƙarƙashinka, sai ka ce ai ana gani. Da ka miƙe layin titi kana kallon gaba ta cikin ƙurar, babu komai sai fari. Jirgin alhazai da ya faɗi a Kano a Janairun 1973, mutum 176, cikin hazo da iska ya zo sauka.

Hajiyar Barnawa: Ina ta bin ku tun ɗazu. Ni aikina haɗa masu shata da masu jirgi, kuma abin da nake gani kullum har yanzu ba ku taɓo shi ba. An ce tashi ƙarfe biyu, oga bai fito ba sai biyar saura, yana ganawa da jama'a. Filin da za shi ba ya aiki bayan faɗuwar rana. Ka faɗa wa yaransa, su ce "Hajiya ki gaya wa kyaftin ya san yadda zai yi." Wallahi akwai wanda ya taɓa ce min kuɗin da suka biya ai har da na hazo.

Baba Kyaftin: Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A jirgin gama-gari ƙofar matuƙa a kulle take, fasinja ba ya ganinka, in ka karkata zuwa wani gari kamfani ne zai ji da su. A jirgin shata wanda ke biyan albashinka yana zaune taku kaɗan a bayanka.

Wata shekara cikin hunturu na ɗauki wani babban mutum zuwa ɗaurin aure a wata jiha ta arewa maso gabas. Muka gangaro iyakar da aka yarda, babu titi babu alamarsa, na koma sama. Ban gama daidaita jirgi ba sai ga mai riƙe masa waya tsaye a bayana, hannunsa a kan kujerata, ƙamshin turarensa ya cika wurin. Ya ce, "Kyaftin, Yallaɓai ne waliyyin amarya." Mataimakina ya sunkuyar da kai yana ta duba takardar da ya riga ya haddace. Na ce masa ya koma ya ɗaura bel, Kano za mu. Yallaɓai bai ce min uffan ba da muka sauka, har hannu ya ba ni. Amma daga ranar duk shatar da zai yi sai a ce wani matuƙin yake so.

Kuma kada ku ce halinmu ne mu kaɗai. A Aspen ta Amurka, 29 ga Maris, 2001, wani Gulfstream ya taso daga Los Angeles a makare saboda fasinjoji sun yi latti. Filin yana tsakiyar duwatsu, akwai dokar hana irin jirgin sauka in dare ya yi. Wanda ya yi shatar ya kashe kuɗi kan liyafar cin abinci, da aka ce masa wataƙila a karkata wani filin sai ya fusata. Wani fasinja ma ya shigo ya zauna wurin matuƙa. Jiragen da ke gabansu suka gwada suka fasa saboda dusar ƙanƙara, su suka danna. Mutum 18, babu wanda ya fita. Hukumar binciken Amurka ta rubuta matsin lambar mai shata cikin abubuwan da suka jawo hatsarin.

Abban Sadiq: Kamar dai direban Alhaji a hanyar Zariya. Alhaji ne ya makara, direba ne zai taka mota.

Ummi ta Zariya: Baba, mataimakin da ya sunkuyar da kai ne ya tsaya min a rai. Ana koya mana cewa ko wane ne cikin biyun ya ce a fasa, an fasa ke nan, sai an koma sama a yi musu. Amma a gida an tarbiyyantar da mu ba a katse babba. Yarinya kamata da awoyi kaɗan, ta samu aiki da ƙyar bayan iyayenta sun kashe miliyoyi, ta ce wa sa'an mahaifinta ya fasa sauka?

Baba Kyaftin: Ki faɗa, da ƙarfi, ki maimaita. In ya ƙi, a kamfanin kirki akwai matakin da aka ba ki na karɓar jirgin. Kyaftin na ƙwarai shi zai ce miki tun kafin a tada inji, in kin ga abin da bai yi miki ba ki yi magana. Wanda bai faɗa miki haka ba, ki sa masa ido.

Wani abin da zai ba ku mamaki, jirgi ba kowa ciki ma yana da nasa hatsarin. In an sauke oga za a mayar da jirgi, sai a saki jiki. A Teterboro kusa da New York, Mayun 2017, wani Learjet ba fasinja, kyaftin ya bar jirgin a hannun mataimakin da kamfani bai ba izinin tuƙi ba. Suka makara wajen karya kwanar da za ta kai su titi, suka karya ta da tsanani suna ƙasa-ƙasa, fiffike ya saki iska. Su biyun suka mutu.

Ɗan Tudun Wada: Ni fa har yanzu da sauran magana. Kullum rahoto ya fito sai a ce laifin matuƙi, don shi ya mutu ba zai kare kansa ba. Fitilun titi da ba sa ci fa? Na'urar da ke jagorar jirgi cikin hazo da za a ce ta lalace wata da watanni? A 2005 ba garken shanu jirgin Air France ya tarar a kan titi a Fatakwal ba? Wannan ma matuƙi ne ya koro su?

Injiniya Malali: Wannan karon ka yi gaskiya. Ƙara da baƙin roba da tayoyi ke bari inda jirage ke dira. In ba a kankare shi a kai a kai, ruwa na sauka wurin ya zama santsi. Haka titin da ruwa ke kwanciya a kansa. Mu nan Kaduna sai da aka rufe filin Abuja na mako shida a 2017 aka karkato jirage nan, sannan aka waiwayi kayan filinmu da gaske. Filaye nawa ne a jihohi aka gina don a yanke kyalle, babu wanda ya sake leƙa su?

Baba Kyaftin: Ban musa ba. Mai bincike na gaskiya ba ya tsayawa kan "matuƙi ya yi kuskure", sai ya tambayi wa ya horar da shi, awa nawa ya yi barci, wa ya tura shi filin da babu fitila. Matuƙin shata yana iya wuni a zaune a filin jirgi tun safe yana jiran oga, sannan a tashi da dare. Sai dai duk lalacewar fili, ana sanar da matuƙi kafin ya tashi. In na'ura ba ta aiki, iyakar gangarowarka ta ƙaru, in ba ka ga titi a nan ba ka tafi wani wuri. Shi ya sa ake ɗaukar man zuwa fili na biyu.

Abban Sadiq: Ke nan Baba, in ana shakka kullum komawa sama ce mafita?

Baba Kyaftin: Kafin ka dira, e. Bayan ka dira ka buɗe allunan da ke danne fiffike, ka fara birki, magana ta canza. A Owatonna ta jihar Minnesota, 31 ga Yuli, 2008, wani Hawker 800, ɗan gidan su wanda ya ɗauko minista, ya sauka a jiƙaƙƙen titi da iska a bayansa. Kyaftin ya yi jinkirin buɗe allunan gaba ɗaya. Da ya ga titi na ƙarewa sai ya ba da wuta zai sake tashi, bayan ya yi wajen daƙiƙa goma sha bakwai a ƙasa. Jirgin ya daki eriyar da ke gaban titi ya kife, mutum 8 duka suka mutu. Masu bincike suka lissafa cewa da ya ci gaba da taka birki, da ya ɗan zarce titin a hankali ya tsaya a fili. Sun kuma gano matuƙan biyu ba su samu isasshen barci ba.

Hajiyar Barnawa: Saura maganar takarda. Izini iri biyu ne. Akwai na mai jirgin kansa, shi da iyalinsa da baƙinsa, ba ya karɓar kuɗi. Akwai na haya, wanda NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ke bin diddigin horon matuƙa, awoyin aikinsu da gyara. Na biyun tsada gare shi, sai mutum ya karɓi na farko ya riƙa haya a ɓoye, farashinsa ƙasa da na kowa. Rahoton farko na NSIB, hukumar binciken hatsari ta Najeriya, kan jirgin ministan nan ya nuna izinin da ba na haya ba ne da kamfanin. A 2024 an dakatar da izinin wasu, ministan sufurin jiragen sama Keyamo ya kafa kwamiti a kai. Amma har gobe in na kawo wa mutum farashi biyu, mai arhar yake ɗauka.

Injiniya Malali: Kuma bambancin ya shafi sauka kai tsaye. A ƙa'idar haya, kafin jet ya tashi sai lissafi ya nuna zai iya tsayawa cikin kashi 60 na titin da za shi, in titin jiƙe ne a ƙara kashi 15 a kan abin da ake bukata. Ragowar ita ce ke ɗaukar kurakuran da Baba ya lissafa. Mai haya a ɓoye babu mai duba ko ya bar wannan rarar. Sannan ranar da abu ya faru, kamfanin inshora zai ce shi bai san da fasinjan kuɗi ba.

Abban Sadiq: Hajiya, mai shata yana da ikon ya ce a nuna masa takardar?

Hajiyar Barnawa: Sosai. Ka ce a turo maka takardar AOC, wato shaidar izinin haya, ka duba ko lambar da ke jikin jirgin tana cikin jiragen da aka lissafa a ƙarƙashinta. Mai gaskiya cikin minti biyar zai turo. In aka fara ce maka manaja ya yi tafiya, ka nemi wani.

Ɗan Tudun Wada: Duk na ji. Amma ni sai na ga cikakken rahoton Ibadan da idona kafin in janye maganar gwanjo.

Ummi ta Zariya: Kawu, NSIB na sa rahotanninta a shafinta na intanet, kyauta. Ka dai lura da wanda ka buɗe. Na farko, wanda ƙa'ida ta ce a fitar cikin kwana 30, abin da aka tarar kawai yake faɗa. Sababi sai a na ƙarshe, shi kuma yakan ɗauki shekara ko fiye.